YouVersion da shirye-shiryenta kan kiyayewar Allah, ga abin da na gani

Salama 'yan'uwa. Ana yawan tambayata wace manhaja nake buɗewa lokacin addu'ar safe, to YouVersion ce, waccan mai hoton ɗan littafi ruwan ƙasa, wasu ma ba su san sunanta ba Baibul ɗin waya kawai suke ce mata. Ba zan bi komai da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya ba don abin da yawa, inda na fi zama shi ne ayar kullum da shirye-shiryen karatu masu magana a kan kiyayewar Allah da bishewarsa, to a kansu zan tsaya, akwai abin yabo sosai akwai kuma wurin da sai mutum ya buɗe ido.

Ga wanda bai san asalinta ba, wata coci ce a jihar Oklahoma ta Amurka mai suna Life.Church ta yi ta, ɗaya daga cikin fastocinsu Bobby Gruenewald shi tunanin ya zo wa a 2006 yana tsaye a layin bincike a filin jirgin sama na Shikago. Da farko shafin intanet suka yi bai karɓu ba sai suka juya shi ya koma na waya, lokacin da Apple ya buɗe App Store a watan Yulin 2008 tana cikin manhajojin farko da suka shiga, a Nuwamban 2021 kuma suka sanar cewa an sauke ta sau miliyan 500. Kyauta ce kuma babu talla, wannan kam dole in jinjina musu, ba wai kana tsakiyar Zabura ta 23 tallar wasan caca ta faɗo maka a fuska ba. Da gudummawar masu bayarwa ake tafiyar da ita. Akwai Littafi Mai Tsarki cikin harsuna sama da 2,000 a ciki har da Hausa, fassarori da yawa kana iya sauke su su zauna a wayarka ka karanta ko babu data ko netwok ya ɗauke, wasu kuma suna da odiyo. Kana iya shafa wa aya launi, ka rubuta abin da ka fahimta a gefenta, ka jera fassara biyu ko uku a kan aya ɗaya ka ga yadda kowace ta kawo ta. Mai ƙaramar waya da ba ta da wuri akwai ƙanwarta mara nauyi da suke kira Bible App Lite, akwai kuma ta yara daban.

Odiyon nan kada a raina shi. Akwai wata dattijuwa a cocinmu da idonta ya yi rauni, Baibul ɗinta na takarda duk ya sha layi da biro amma yanzu ko manyan baƙaƙe ba ta iya bi, na saka mata manhajar na nuna mata inda za ta taɓa murya ta fara. Ranar da na koma gaishe ta na same ta zaune ta kifa wayar a kan cinya, mai karatun yana cikin Zabura 121 ita kuma tana riga shi, kafin ya kai ƙarshen aya ta riga ta ƙarasa. Na ce Mama ai ke kin haddace me za ki yi da shi kuma, ta ce ɗana bar ni, na san ta amma daɗi ne wani ya faɗa mini ita. Wannan kaɗai ya isa in ce a sauke ta.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan rubutun. Duk ƙarshen shekara suna fitar da ayar da mutane suka fi shafa wa launi da ajiyewa da tura wa juna a duniya. A 2018 Ishaya 41:10 ce, inda Ubangiji yake cewa kada ka ji tsoro ina tare da kai, zan ƙarfafa ka in taimake ka in riƙe ka da hannun damana. A 2020 shekarar korona ita ce dai ta sake fitowa, haka 2022 da 2023. A 2019 da 2024 kuma Filibiyawa 4:6 ce, kada ku damu da komai sai dai ku kai roƙonku gaban Allah da addu'a da godiya. Ka duba fa, miliyoyin mutane a ƙasashe daban daban da ba su san juna ba, abin da hannunsu ya fi kai wa shi ne kada ka ji tsoro da kada ka damu. Mutane a tsorace suke, ni ma ina cikinsu, shi ya sa in ka rubuta kariya ko tsoro ko jagora a wurin bincike shirye-shirye za su zubo maka har ka gaji da ja, daga na kwana 3 har zuwa na shekara guda. Kuma a sani ba masu manhajar ne suke rubuta mafi yawansu ba, coci coci ne da ƙungiyoyi da marubuta daban daban suke kawo nasu, don haka ba duka suka zama ɗaya ba, wani ka karanta ka ƙoshi wani kuma ka gama ka rasa me aka ce maka.

Tsarin ranar karatu mai sauƙi ne, ɗan bimbini na sakin layi uku ko huɗu sai ayoyin da za ka karanta, ka gama ya yi maka alamar ka kammala. Ayar kullum kuma tana zuwa da hoto in kana so, duwatsu ko teku ko rana tana fitowa, an rubuta ayar a kai da kyakkyawan rubutu, taɓawa ɗaya ta tafi sitatus ɗin WhatsApp. Kyau kam akwai. Amma a nan gizo yake saƙar, domin aya ɗaya da aka cire daga gidanta aka ɗora a kan hoton dutse, in ba a yi hankali ba sai ta koma kamar laya, a rataya a wuya a fita ana ganin ba abin da zai taɓa mutum, ba a san wa aka faɗa wa ba, ba a san halin da yake ciki ba lokacin da aka faɗa masa. Ɗauki Irmiya 29:11 da kowa yake so, na san shirin da nake da shi dominku shirin alheri ne ba na masifa ba. Wasiƙa ce fa zuwa ga mutanen da aka kwashe bauta Babila, kuma ayar da take gabanta ta 10 cewa take sai shekara 70 sun cika kafin a komo da su, a sama kaɗan ma an ce musu su gina gidaje su dasa gonaki su yi aure su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su. Yawancin manyan da suka ji an karanta wasiƙar can suka mutu. Alkawarin gaskiya ne, Allah ya cika shi, amma ba alkawarin sati mai zuwa ba ne.

Zabura 91 ita ce ta fi shan wannan. Ayoyi 16 ne duka, kuma kusan duk shirin da ya shafi kariya sai ka same ta a ciki, dubu za su faɗi a gefenka dubu goma a damanka amma ba zai kusance ka ba, zai umarci mala'ikunsa su kiyaye ka. Ina ƙaunar wannan zabura, a kanta na kwana ba sau ɗaya ba. Amma wa ya taɓa jawo aya ta 11 da ta 12 a Sabon Alkawari? Iblis ne, a Matiyu sura 4, ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce faɗa ƙasa ai a rubuce yake mala'iku za su tallafe ka, Yesu ya mayar masa da Maimaitawar Shari'a 6:16, kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Wato ana iya karanta ayar kariya daidai harafi da harafi a yi aikin banza da ita. Kuma zaburar da kanta in ka sauka zuwa aya ta 15 cewa take zan kasance tare da shi cikin wahala, ba ta ce wahalar ba za ta zo ba.

Akwai wani shiri da na fara na bar shi a hanya saboda wannan, ba zan kama sunan marubucin ba. Kullum magana ɗaya ce, furta ka karɓa, ba makamin da zai yi nasara a kanka, in abu ya same ka to ka duba bangaskiyarka wataƙila ka bar ƙofa a buɗe. Wata rana ya kawo Ayyukan Manzanni 12 yadda mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, sojoji 16 suna gadinsa, yana barci tsakanin biyu ɗaure da sarƙa biyu, sarƙoƙin suka zube ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, har yarinyar nan Roda ta manta ta buɗe masa ƙofar gida don murna. Labari mai daɗi ba ƙarya. Amma daga aya ta 5 ya sa a fara karatun. Da na taɓa na buɗe surar gaba ɗaya sai ga aya ta 2, Hirudus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Sura ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu da suka bi Yesu tare tun daga bakin teku, ɗaya ya fita ɗaya aka sare. To Yakubu ƙofa ya bari a buɗe? Haba. Yanzu ka yi tunanin matar da ta binne mijinta ko ɗanta ta buɗe wannan shirin da safe tana neman ta'aziyya, me aka gaya mata ke nan? Irin wannan koyarwa tana yi wa masu lafiya daɗi amma tana ƙara wa masu makoki kaya. Ibraniyawa 11 ma haka ta jera su, waɗansu ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakuna suka tsere wa kaifin takobi, ba a ko canza numfashi ba aka ce waɗansu kuma aka jajjefe su aka tsaga su da zarto aka kashe su da takobi, kuma dukansu aka yaba wa bangaskiyarsu. Bulus da ya rubuta cewa ba abin da zai raba mu da ƙaunar Allah shi ne dai ya lissafa a 2 Korintiyawa 11 cewa sau 5 aka yi masa bulala arba'in ba ɗaya, sau 3 aka doke shi da sanduna, sau ɗaya aka jajjefe shi, sau 3 jirgi ya fashe da shi a teku.

Shi ya sa a wurina abin da ya fi komai daraja a manhajar nan ba hotunan ba ne ba kuma bimbinin ba, ɗan wurin nan ne da za ka taɓa ya buɗe maka surar gaba ɗaya. Yana nan a kan ayar kullum yana nan a cikin shirye-shiryen, amma sai ka ga mutum ya daɗe da manhajar bai taɓa kula da shi ba. A littafin ibada na takarda in an ba ka rabin aya sai ka tashi ka ɗauko Baibul ka nemo, a nan kuwa yatsa ɗaya ne.

Ba duka ne haka ba fa, kada in yi musu rashin adalci. Na samu wani shirin da na ji daɗinsa ƙwarai, shi ma a kan kiyayewa da bishewa, marubucin ba ya sauri kuma ba ya tsoron wurare masu wuya. Shi ya kai ni Ezra 8 wurin da ban saba tsayawa ba. Ezra zai taso da jama'a daga Babila zuwa Urushalima tafiyar wata 4, da mata da yara da azurfa da zinariyar Haikali, hanya kuma cike da 'yan kwanto, sai ya ce kunya ta hana shi roƙon sarki sojoji da mahaya domin ya riga ya faɗa wa sarki cewa hannun Allahnsu yana kan duk masu nemansa, don haka suka yi azumi a bakin kogin Ahawa suka roƙi Allah, suka kuma isa lafiya. In aka tsaya nan sai wani ya ce to shi ke nan neman tsaro rashin bangaskiya ne, a daina shan magani a daina kulle ƙofa. Sai washegari shirin ya kawo Nehemiya 2, birni ɗaya, shi kuwa ya roƙi sarki wasiƙu zuwa ga gwamnoni, sarki ya haɗa shi da shugabannin sojoji da mahaya ya karɓa bai ce a'a ba, kuma shi ma cewa ya yi hannun alheri na Allahna yana kaina. Da maƙiya suka taso lokacin ginin garu, sura 4 aya ta 9 ta ce suka yi addu'a suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Kai, wannan haɗin ya zauna mini. Littafi Mai Tsarki bai tsawata wa ko ɗaya a cikinsu ba, marubucin ma bai zaɓar mana gwani ba, tambaya kawai ya bari a ƙasa, a abin da ke gabanka yau wanne ne naka kuma me ya sa.

Ɓangaren bishewa ma haka ya bi da shi. Mu dai in an ce Allah yana bishe mu abin da muke so mu ji shi ne hanya ta miƙe, to Fitowa 13:17 ta ce da Fir'auna ya saki jama'a Allah bai bi da su ta ƙasar Filistiyawa ba ko da yake nan ne kusa, don kada su ga yaƙi su koma Masar, sai ya zagaya da su ta jeji, al'amudin girgije da rana na wuta da dare. Littafin Ƙidaya sura 9 kuma ta ce girgijen nan yakan tsaya kwana biyu ko wata guda ko ma fiye, in bai tashi ba ba mai tashi. Zaman jira ma bishewa ce ashe, kuma ita ce ba ma so. Sai Ayyukan Manzanni 16, Bulus yana so ya yi wa'azi a Asiya Ruhu Mai Tsarki ya hana, ya nufi Bitiniya aka sake hanawa, ba a gaya masa dalili ba, sai da ya gangara Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙo a zo a taimake su. To ya bi wahayin ya isa Filibi, me ya tarar? Lidiya ta ba da gaskiya, daga baya kuma aka tuɓe su shi da Sila aka yi musu dukan tsiya aka jefa su can cikin kurkuku ƙafafu a turu. Hanyar da Allah da kansa ya nuna ce fa ta kai su wurin. Da tsakar dare suna waƙa ƙasa ta girgiza, mai gadin kurkukun da gidansa duka suka sami ceto. Shirin da zai iya gaya maka wannan ba tare da ya ɓoye dukan ba shi ne nake kira shiri.

Ina cikin wannan shirin ne aka shiga da ƙanena tiyata. Ina zaune a barandar asibiti kan benci mai sanyi, batir ya kusa mutuwa, duk ƙofar da ta motsa sai gabana ya faɗi, na kasa karanta komai idona yana kan sikirin amma ba abin da yake shiga. Sai na sa abin ji a kunne na kunna odiyo, Daniyel 3 ce karatun ranar, Shadrak da Meshak da Abednego a gaban Nebukadnezzar suna cewa Allahnmu yana da iko ya cece mu daga tanderun nan, amma ko da bai cece mu ba ka sani ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Gaskiya ba ita nake so in ji a lokacin ba, na so a ce mini ba abin da zai faru. Amma ita ce ta riƙe ni, domin ita kaɗai ce na san ko wane labari likita ya fito da shi ba za ta zama ƙarya ba. Ƙanena ya fito lafiya mun gode wa Ubangiji, wata mata da muka zauna benci ɗaya kuwa ba haka nata ya ƙare ba, kuma na ga tana addu'a fiye da ni.

Sauran abubuwa a gurguje. Akwai lissafin kwanakin da ka jera kana buɗe manhajar, wasu yana taimaka musu su kafa al'ada ban musa ba, ni dai bai dame ni ba don mutum yana iya buɗewa ya rufe cikin daƙiƙa biyu lamba ta ƙaru bai karanta komai ba, Allah kuma ba rajista yake kira ba. Sanarwa kana iya saita lokacin da kake so ta zo ko ka kashe wadda ba ka so, ni ta ayar safe kawai na bari. Yin shiri tare da abokai kuwa yana da kyau sosai, kuna karanta abu ɗaya kowa ya rubuta abin da ya gani a ƙasa, a nan ne wani ɗan'uwa ya nuna mini cewa Makoki 3:22-23 da muke rerawa kullum, jinƙansa sabo ne kowace safiya amincinsa mai girma ne, a tsakiyar kukan rushewar Urushalima aka rubuta ta, surori biyar na hawaye ita tana tsakiya. Sai dai a zaɓi waɗanda za a yi da su, mutum uku masu karatu da gaske sun fi guruf ɗin mutum talatin da kowa Amin kawai yake turowa. Wurin rubuta addu'o'i ma ina amfani da shi, ka rubuta roƙo yau in an amsa ka koma ka yi masa alama, bayan wani lokaci in ka ja ƙasa sai ka ga abubuwan da suka hana ka barci a da har ka manta da su, wasu kuma har yanzu suna nan ba alama.

In taurari ake bayarwa manhajar kanta biyar zan ba ta ba ragi, shirye-shiryen kuma kowanne da nasa, kafin ka fara wani akwai damar leƙa ranar farko ka ga samfuri, ka duba ayoyi nawa yake sa ka karanta, in ka ga bimbini shafi guda aya rabin layi to ka nemi wani. Har yanzu ina neman wanda ya zauna a kan Yakubu na Ayyukan Manzanni 12 shi kansa ba Bitrus ba, ko a kan Istifanas, wanda ya ci karo da irinsa don Allah ya turo mini sunan.